Waliyyu, An Yi Awo Na Huɗu

Na Allah muke, kuma komai daɗewa wurinsa za mu koma. A ranar Talata, ashirin da takwas ga watan Maris na shekarar 1995, a ƙarshen watan ƙaramar salla, Allah ya karɓi ran taubashina Malam Waliyyu Jega, bayan wani zazzaɓi da bai daɗe yana jinyarsa ba. An yi masa sutura a Jega bayan sallar la'asar. Ya bar matarsa Balkisu da 'ya'ya biyar, ya kuma bar wani aiki da ya ba shekara biyu na rayuwarsa, saura ƙiris ya ƙarasa. Aikin nan ne ya hana ni rubuta ta'aziyya da wuri. Na ce ba zan ɗauki alƙalami ba sai na san labarin da zan ba shi, ko aikin ya tsira ko ya bi shi kushewa.

Ni ce Hamsatu ta Aliero. Karatuna na boko bai wuce firamare ba. Mahaifina da mahaifiyar Waliyyu ciki ɗaya suka fito, don haka tun tasowarmu ba mu taɓa yi wa juna magana a miƙe ba. Wanda ya ga wasa a cikin rubutun nan kada ya ɗauka mutuwar ba ta dake ni ba. Ban iya yi masa magana ta wata hanya ba ne, kuma ba yanzu zan koya ba.

Waliyyu, kowa a Jega ya san ka da koyar da lissafi, har ɗalibanka suka girma suka kawo maka nasu 'ya'yan. Da aka yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato aka shiga neman masu iya lamba, sai aka ɗauke ka ofishin ƙididdiga, daga nan aka tura ka ƙaro karatu a Birnin Kebbi da furfurarka. Na tambaye ka ko malaman suna sa ka kama kunne in ka makara. Ka ce a'a, amma sun ce ba takardar shaida sai ka yi bincike na kanka, ka auna wani abu, ka kawo musu lissafinsa. Abokan karatunka wasu suka auna masara, wasu suka auna kaji. Kai ka ce mutane za ka auna.

Dalilinka mai kyau ne, ko da yake ban taɓa faɗa maka ba. Manoman albasarmu kullum suna cewa ban ruwan rani yana cin jikin mutum. Daga dashe har cira, magidanci yana sunkuye a bakin rijiya yana jan guga, kafin albasa ta yi kai shi ya zama kara. Kowa yana faɗa, ba wanda ya taɓa kai wa hukuma a rubuce. Ka ce in ka nuna haka da lamba za ka sami takardarka, wataƙila kuma sabuwar gwamnati ta duba ta taimaka musu da injin ban ruwa. Sai ka zaɓo manoma daga Jiga Makera da Mungadi da Fagada, ka ce za ka auna nauyinsu sau huɗu: da kaka kafin dashe, da tsakiyar ban ruwa, da lokacin cira, sai kuma bayan albasa ta shiga rudu, rumfar karan da muke adana ta, jiki ya ɗan huta. Tunda duk kasuwar Aliero suke kawo kaya, kuma akwai dogon yaro mai ƙaƙƙarfan reshe a ƙofar gidana, ka yanke cewa nan ne ofishinka. Ba ka nemi izinina ba. Fitowa na yi da safe na tarar da sikeli yana reto.

Sikelin irin na rataya ne, mai ƙugiya da allura, wanda ake auna buhunan hatsi da shi. Ka samo buhun albasa ka huda masa ƙafa biyu a gindi kamar wando. Mutum zai zura ƙafafunsa, a tattaro bakin buhun a hammatarsa, a ɗaga shi a saƙale a ƙugiya, ya yi ta lilo har allura ta tsaya. Mai ɗagawa shi ne Alu mahauci, amininka na Jega, wanda ya saba rataye cinyar bijimi shi kaɗai. Da dattawan suka gane abin da ake nufin yi da su, sai suka fara laluben takalmansu. Kai kuwa ka tuɓe babbar riga, ka shiga buhun da kanka, Alu ya saƙale ka, kana jujjuyawa kana yi musu bayani da muryar nan taka ta aji, rabin bayanin ma bishiya ka yi wa. Na leƙo ta katanga na ce wa Alu in ya yanka ya ajiye mini kai da ƙafa. Dariyar da aka yi ce ta zaunar da su. Alu kuma bai taɓa iya barin halin sana'arsa ba. Duk wanda ya ɗaga sai ya matsa masa gadon baya ya ce wannan sai an ƙara masa dusa.

Na taɓa tambayarka me ya sa kake wahalar da mutanen nan su kaɗai, ga kasuwa cike da manoma, ka kama duk wanda ya gifta ka auna mana. Sai ka tambaye ni, in na ƙara gishiri ina son in san ko ya kama, tukunyar maƙwabciyata nake ɗanɗanawa? Na ce a'a. Ka ce to, haka abin yake. Alu da ƙibarsa aka haife shi, Ɗantsoho na Mungadi kuwa, dattijon da ya fi kowa gardama a cikinsu, ko ya shekara yana cin kitse ba zai wuce sandarsa kauri ba. In da kaka ka auna mai jiki, da rani ka auna siriri, ba za ka san ko ban ruwa ne ya rage nauyin ba ko halitta ce. Amma in mutum ɗaya kake komawa, da kansa kake gwada shi. Ka durƙusa ka zana mini a ƙasa, ka ce bambancin lambobin tsince shi kake yi tsibi uku, yadda muke tsince albasa. Tsibi ɗaya na bambancin da ke tsakanin mutum da mutum, wannan a ture shi gefe. Tsibi na biyu na abin da lokaci ya canza. Na uku na abin da ba wanda ya san dalilinsa, wataƙila gudawa, wataƙila faɗa da iyali. In na biyu ya rinjayi na uku sosai, to magana ta tabbata, ba dace ba ne. Na ce na gane. Ban gane duka ba, amma na tukunyar ya zauna mini.

Sai daga baya na lura haka kake yi wa mutane tun kafin ka je Birnin Kebbi. Lokacin da maigidana ya rasu, jama'a suka yi gaisuwa suka watse kamar yadda aka saba. Kai kuwa kowace Juma'a bayan masallaci sai ka hawo babur ɗinka daga Jega, ka zauna a zaure, ka tambaye ni ko na ci abinci. Tambayar ke nan, ba ƙari. Sai ka dube ni ka ce yau na fi waccan Juma'ar, ko kuma ka ce yau na koma baya, ka aika a sayo mini tsire. Ba ka taɓa ce mini wance ma ta rasa miji ga ta nan ta haƙura ba. Ranar da na ce hularka ta yi kama da murfin tulu, ka tashi ka karkaɗe riga ka ce na warke.

Shekarar farko aikinka ya rushe, kuma ladabin mutanenmu ne ya rushe shi. Awo na biyu ya faɗo kana jarrabawa, sai ka bar wa Alu sikeli da sunaye, tunda mahauci ya iya karanta allura. Mu kuwa a nan, in an gayyaci mutum bai sami zuwa ba, ba ya barin wurinsa fayau. Wakili yake aikawa. Haka ake yi a ɗaurin aure, haka ake yi a suna, wanda bai aika ba shi ne mara kunya. Shehu na Fagada, wanda iska mai ƙarfi za ta iya kai shi Argungu, ya aiko ƙanensa Audu mai wuya kamar turmi. Wani mutumin Jiga Makera ya aiko 'ya'yansa biyu magidanta, ya ce a auna su a raba biyu. Mutanen Mungadi kuwa labari ya kai musu cewa Fagada ta fi su nauyi a awon farko, sai suka zauna suka zaɓo ƙattinsu don kada a raina garinsu. Alu na kiran suna, ana amsa masa da “ga wakili nai”, shi kuma yana yi musu sannu da hanya yana saƙalewa.

Ka dawo ka duƙufa kan lissafi, ka fito da sakamakon cewa ban ruwa ya fi turke rago sa ƙiba. Ka zo mini a ruɗe, kana cewa in haka ne sai dai a roƙi gwamnati ta karɓe injin daga hannun masu shi. Muna cikin haka Audu ya zo wucewa, ya durƙusa ya gaishe ka, ya yi maka godiya kan karramawar da aka yi masa a madadin yayansa. Ka tambaye shi wace karramawa. Da ya gama bayani sai ka zauna a gindin dogon yaro, ka cire hula ka ɗora a gwiwa, ka ce, “Shekara guda ke nan, Hamsatu.” Na yi dariya har sai da na dafa bango. Ka bar ni na gama, sannan ka ce in kawo maka ruwa.

Ba ka yi fushi da kowa ba, wannan na shaide ka. Ƙauye ƙauye ka bi kana bayani. A Mungadi Ɗantsoho ya tare ka da hujja, ya ce aure da kansa, wanda ya fi awo daraja nesa, wakili ke karɓarsa, to mene ne buhu da zai ƙi wakili. Sai ka tambaye shi ko ya taɓa aika wakili wurin wanzami a yi masa aski. An ce ya daɗe yana shafa kansa kafin ya ce a wuce wurin.

Da kaka ta zagayo ka sake sabon lale da mutum goma sha biyar da dokoki uku: mutum ya zo da kansa, ya zo cikin rigar da aka fara auna shi da ita, ya zo da safe bai ci komai ba. Ni ka naɗa mai karanta allura, wai don na san fuskar kowa da ta ubansa. Ka koya mini in tsaya daidai da sikeli kada in karanta daga gefe, in jira allura ta daina rawa, in rubuta kafin in buɗe baki, wanda ka ce shi ne zai fi ba ni wuya. A kan doka ta uku muka yi faɗan da ya fi kowane tsawo a rayuwarmu. Mutum ya taso daga Mungadi da cikinsa wayam, ya zauna a ƙofar gidana, a ce kada in miƙa masa ko ruwa? Na ce a gidan ubana ba a yi wannan ba. Ka ce ludayin fura ma nauyi ne. Har yau ban yarda ni ce mai laifi ba. A ƙarshe muka shirya a kan in dama furar in ajiye ƙwaryar a inda kowa ke ganinta, rufe da faifai, wanda ya sauko daga ƙugiya ya karɓi ludayi. Tun daga ranar ba a sake jan ƙafa wajen shiga buhu ba.

Ɗantsoho ya ce shi ba zai tuɓe rawani a gaban mace ba. Ka yarda, muddin rawanin nan ne zai riƙa zuwa da shi, kuma ka bi shi zaure ka auna rawanin daban. Azumi kuma ya faɗo tsakanin awo na biyu da na uku, ka yi ta ƙorafin cewa ya shigo maka cikin lissafi, yanzu ramar da za a gani ba a san ta guga ba ce ko ta azumi. Ɗantsoho ya tuna maka cewa azumi ya riga lissafinka zuwa duniya. Ka ce gaskiya ne, kuma za ka rubuta haka a cikin rahotonka ba za ka ɓoye ba.

Mutanen suka yi ta zubewa. Ɗaya ya faɗo daga motar albasa yana kwance wurin masu ɗori. Biyu sun tafi ci-rani. Ɗaya ya koma wurin ɗansa a Yawuri. Ɗaya kuma matarsa ce ta biyo ta kasuwa ta gan shi yana reto a buhu, bai sake tako ƙofar gidana ba. Duk wanda ya ɓace sai in ga ka ja layi a kan sunansa tun daga awon farko, ka ce irin wannan lissafi ba ya karɓar mai giɓi, wanda ya tsallake sau ɗaya kamar bai taɓa zuwa ba ne. Kafin awo na uku saura goma.

Na goman shi ne Shehu. Shi ba tafiya ce ke hana shi ba, kunya ce, don ya san shi ne mafi rashin nauyi. A awo na uku ya sake aiko Audu, da goro na ban haƙuri. Ka ɗaure sikeli a babur, ka goya Alu, ni na bi ku a motar kasuwa, muka iske shi a fadamarsa yana cirar albasa tare da surukansa. A nan aka rataye shi. Ni na rubuta ban ce komai ba, amma Alu ya leƙa allura ya faɗi lambar da ƙarfi, ya ƙara da cewa ya taɓa yanka tunkiya da ta fi haka. Kafin yamma yaran Fagada sun daina kiran Shehu da sunansa, da lambar suke kiransa. Shehu ya faɗa maka magana mai zafi, ya ce ka mai da talakawa abin dariya don ka sami takarda. Kai ma ka ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba. A hanyar dawowa ka ce mini ba ka kyauta ba, da ka ja shi bayan gari, kuma in ya huce za ka koma ka ba shi haƙuri. Zazzaɓi ya riga ka.

Ranar sadakar bakwai malaminka na Birnin Kebbi, Malam Imrana, ya zo gaisuwa. Yaro ne a kanka, amma na ga yana share ido. Ya ce wa dangi aikinka saura awo ɗaya. In aka yi shi yadda ka tsara, shi zai ƙarasa lissafin ya miƙa da sunanka. Amma mutum goma shi ne mafi ƙarancin da za a karɓa, in suka koma tara ba abin da zai iya yi. Balkisu tana takaba ba ta fita, sai ta aika aka kira ni ɗaka. Ta ce, “Yaya, shekara biyu ina kwana da mutumin nan yana ƙirga manoma cikin barci. Kada ki bari a ce wahalar banza ya yi.” Ta miƙo mini sikelin naɗe a cikin tsohuwar rigarka.

Ka riga ka faɗa tun kana da rai cewa awo na huɗu dole a yi shi kafin babbar salla, don naman layya zai ɓata komai. Na aika ƙauyukan uku, mutum tara suka ce suna nan. Shehu kuwa ya ɗauki raguna ya tafi Ikko, can kudu, sayarwa, kuma kowa ya san mai raguna ba ya baro kasuwa sai ranar salla ta wuce, don a kwanakin ƙarshe ake cinikin shekara. Na je tashar Jega da kaina na ba direbobin kudu saƙo, duk wanda ya gan shi ya faɗa masa ka rasu, kuma ga ranar awo. Ba amsa.

Ranar ta zo, ana jibi salla. Tara suka iso da sassafe, kowa cikin rigarsa ta awo, wasu duk sun yage. Alu ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, bai matsa bayan kowa ba. Da aka gama na buɗe faifai, sai Ɗantsoho ya ce a rufe, ba wanda zai sha sai an cika goma. Muka zauna. Wasu mutane kuma sun ji cewa ana awo don marigayi, suka ɗauka wata irin sadaka ce, suka yi layi a rataye su ko sa sami lada. Alu ya yi ta saƙale su don a rage zaman jira, ni kuma ina gyaɗa kai kamar ina rubutawa. Har wani maroƙi da ya zo wucewa sai da ya shiga.

Hantsi ya yi, fura ta fara tsami. Sai ga Audu. Ya durƙusa ya yi mini gaisuwa, ya ce ba su ji komai daga yayansa ba. Ya sassauta murya ya ce, “Inna, ki sa a saƙale ni ki rage rabi. Wa za ya sani?” Alu ma ya matso ya ce shi ya ɗaga Shehu sau uku, hannunsa bai manta ba, zai iya faɗa mini lambar ko ba Shehu. Ba mugunta ce ta sa su ba, Waliyyu, son ka ne. Na dubi gurbin da ya rage a takardar, na tuna fuskar Balkisu. Kafin in yi magana Ɗantsoho ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, “Mu mun sani.” Audu ya koma gefe ya zauna.

Rana ta take tsaka, har na fara tunanin kalmomin da zan faɗa wa Balkisu, sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin hanya. Shehu ya sauko, ya yi futu-futu da ƙurar hanya, sanye da shuɗiyar rigarsa ta awo. Daga baya muka ji cewa saƙon ya same shi a makare, ya bar ragunansa a hannun abokan tafiya a daidai lokacin da kasuwa ta buɗe, ya hau bayan motar da ta sauke albasa, ya biya Fagada ya ɗauko rigar. Bai gaida kowa ba. Ni ya dosa ya ce, “Inna, ban ci komi ba tun Yawuri.” Ya zura ƙafafunsa a buhu da kansa, Alu ya ɗaga shi ya saƙale.

Na tsaya daidai da sikeli yadda ka koya mini, ina jiran allura ta tsaya. Ta ƙi. Ba iska, ba wanda ya taɓa buhun, amma allura sai rawa take yi. Na sauke ido na ga kafaɗun Shehu ne ke girgiza, ya cusa fuskarsa a bakin buhu.

“Albasa ta, Inna,” in ji shi. “Buhun ga yaji garai.”

Buhun nan rabonsa da albasa shekara biyu, kuma ni na wanke shi da hannuna. Amma Alu ya juya baya ya ce lallai shi ma ya ji ta shigar masa ido. Ɗantsoho ya ja bakin rawani ya rufe fuska, ya ce albasar Aliero haka take, ba ta fita daga buhu. Mutanen Jiga Makera suka ce ƙwarai kuwa. Ni ma a lokacin allurar biyu nake gani.

Na share ido na ce, “Shehu, hawaye ma nauyi ne, kai kuwa ba ka da na zubarwa.” Sai ya fashe da dariya cikin kukan, allura ta ƙara haukacewa. Muka jira shi. A hankali ya sauke numfashi, buhu ya daina motsi, allura ta tsaya cak. Na karanta, na rubuta. Alu ya ɗago kai zai leƙa, na sa mayafina na rufe sikelin. Lambar tana wurin Malam Imrana, kuma ba a bakina za a ji ta ba. Da aka sauke Shehu ya tambayi inda kabarinka yake, ya ce sai ya je ya dawo sannan zai sha fura. Sauran tara ba su jira shi ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Bayan salla Malam Imrana ya zo Jega da kansa. Ya ce lissafi ya fita, kuma maganarka ta tabbata. Mutanen nan goma sun rame a tsakiyar ban ruwa, sun ƙara ramewa lokacin cira, kuma ko bayan hutu ba su koma yadda suke da kaka ba, kuma ramar ta fi ƙarfin a ce dace ne. Ya rubuta maganar azumi yadda ka so. Ya ce aikin zai shiga da sunanka kai kaɗai. Balkisu ta sa aka karanta mata shafin farko, inda sunan yake, ta ce sauran a bar wa masu boko. Maganar inji kuwa tana hannun hukuma, ban yi maka alkawarin komai a kai ba. Abin da aka ba ni in yi, na yi.

Ya Allah, ga bawanka Waliyyu ya zo maka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata masa makwancinsa, ka haskaka shi. Ka sa karatun da ya ba 'ya'yan mutane da zumuncin da ya riƙe su nauyaya mizaninsa ranar hisabi. Ka yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka sa Aljanna ce makomarsa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Balkisu, Allah ya ba ki haƙuri ya fitar da ke takaba lafiya. Ga 'ya'yansa, Imran da Bushira da ƙannensu, Allah ya raya ku ya shirya ku, ƙofar gidana a buɗe take. Ga dangi na Jega da Aliero da Maiyama, da abokan aikinsa na ofis, da Malam Imrana, da Alu wanda har yau bai yarda a kwance sikelin daga reshe ba. Ga manoman Jiga Makera da Mungadi da Fagada, Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a albasarku.

Ni kuma duk wanda ya gan ni ya yi mini gaisuwa. Wadda ta rasa taubashi ba a cika zuwa gidanta ba, ana ganin abokin wasa kawai ta rasa. Allah ya jiƙanka, Waliyyu.

Hamsatu Aliero
Mayu, 1995